Feshin Yawu ko Iska? Gardamar da Ta Shafi Rayuka a Asibiti

A watan Maris na 2003 aka kwantar da wani saurayi mai zazzaɓi a ɗaki na 8A na Asibitin Prince of Wales da ke Hong Kong. Likitoci suka sa masa na'urar da ke mayar da magani tururi don ya shaƙa. Kafin a farga cewa cutar SARS ce, mutane fiye da 100 sun kamu, da yawansu ma'aikatan lafiya ne da ɗaliban likitanci. Da masana suka dawo suka auna yadda iska ke zagayawa a ɗakin, sai suka tarar har waɗanda gadajensu ke nesa da nasa cutar ta taɓa.

A nan ne ni, da nazarin harshe ne sana'ata, na ga abin tsokaci. Shekaru da dama littattafan likitanci sun raba yaɗuwar irin waɗannan ƙwayoyin cuta gida biyu: feshin yawu mai nauyi da ke faɗuwa cikin mita ɗaya ko biyu, da ɓurɓushi mara nauyi da ke rataye a iska. Aka kafa iyaka a maikuron 5, kamar ƙwayar cuta ta san lissafi. To, kalmar da aka zaɓa ita ke yanke irin takunkumin da za a ba nas, da ko za a kashe kuɗi a gyara tagogi.

Koriya ta Kudu ta ɗanɗana kuɗarta a 2015, lokacin da cutar MERS ta kama mutum 186, kusan dukkansu a cikin asibitoci. Majinyaci ɗaya da ya kwana uku a sashen gaggawa na Asibitin Samsung a birnin Seoul ya harbi mutum 82. Cikin dalilan da masu bincike suka zayyana akwai cunkoso, da 'yan uwa masu jinya da ke kwana gefen gado, da tururuwar 'yan dubiya. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitinmu na gwamnati ya san wannan hoto.

Duk da haka, a Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ba ta bin iska. A Yuli masana 239 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙalubalantar ta, sai a 2021 ta amince sarai. A Afrilun 2024 kuma ta fitar da sababbin kalmomi, ta watsar da tsohuwar iyakar.

Mu namu aikin fassarar ya fi wuya. Idan mai shela a rediyo ya ce cuta "ta iska ce", tsohuwa a ƙauye iskokai za ta ji, ta nufi wajen mai magani. Gara a ce mata numfashin mara lafiya ke ɗauke da ita, a buɗe taga, a rage 'yan dubiya.