Gajimaren ruwan zafi a ƙasan teku

A 1986, masu bincike na Amurka suka tarar da wani ƙaton curin ruwan ɗumi mai faɗin kilomita kusan 20 yana yawo sama da tudun Juan de Fuca, a zurfin tekun Pasifik. Aman wuta ne ya tashe shi, amma daga ina zafin ya fito? Wani zai ce narkakken dutsen da ya kwararo ne ya ɗumama ruwan. Wannan amsar ba ta gamsar ba, domin da zarar dutsen ya taɓa ruwan sanyi sai bayansa ya daskare, ya riƙe zafinsa a ciki. Binciken Jami'ar Leeds na 2021 ya nuna cewa a irin wannan aman wuta zafin yana fita da saurin da dutsen kaɗai ba zai iya samarwa ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ruwa mai tsananin zafi da ke taruwa cikin tsagogin ƙasa, wanda aman wutar ya buɗe wa ƙofa ya fito gaba ɗaya.