Ba Tsautsayi Ne Ya Rusa Hanoi Rocks Ba

Akwai maganar da na gaji da jin ta a bakin samarin da ke sha'awar harkar waƙa, wai fasaha ba ta sauka sai kai ya ɗau caji. In ka musa, sai a shiga jero maka mawaƙan Turai da Amurka da suka yi suna cikin maye, kamar mayen ne ya zauna ya rubuta musu waƙoƙin. Tun da Netflix ya saki fim ɗin The Dirt a 2019, wanda ke ba da tarihin ƙungiyar Mötley Crüe ta Amurka, maganar ta ƙara samun gindin zama a wurin masu kallon irin waɗannan finafinai: ga giya, ga manyan motoci, ga sheƙe aya, kowa na cewa rayuwa ke nan. A tsakiyar fim ɗin akwai wani saurayi ɗan Ingila mai fara'a da ya shiga mota bai dawo ba. Mintoci kaɗan aka ba shi, aka wuce. Saurayin nan makaɗin gangar wata ƙungiya ne mai suna Hanoi Rocks, kuma tarihinta ya isa ya rufe bakin masu zancen caji.

A Helsinki, babban birnin Finlan, aka kafa ta a 1979. Salon kiɗansu shi ne wanda ake kira glam punk: kiɗa mai sauri da kaushi irin na matasan da suka yi wa manyan mawaƙa bore a shekarun 1970, haɗe da kwalliyar dandali, gashi a tsaye, kwalli a ido, jan baki, gyale da tufafi masu ƙyalli. New York Dolls ta Amurka ce ta share wannan hanya. Na san mai karatu zai yamutsa fuska in ya ga hotonsu, ni ma ba shigar ce ta kawo ni ba.

Mawaƙinsu Matti Fagerholm, wanda duniya ta sani da Michael Monroe, yana ɗan shekara 17 lokacin da aka fara. Da shi da mai jita Jan Stenfors, wato Nasty Suicide, suka ɗora harsashin. A 1980 Andy McCoy ya baro wata ƙungiya mai tashe a ƙasar, Pelle Miljoona Oy, ya taho tare da Sam Yaffa, sannan suka ɗauki wani ɗan Suwidin, Gyp Casino, ya riƙe ganga. Suka koma Stockholm da zama ba su da ko sisi. Wasunsu a titi suke kwana, suna roƙon masu wucewa abin sayen abinci, a ƙasar da sanyinta ba wasa ba ne. Babu babban kamfani a bayansu. Wani ƙaramin kamfanin faifai na Finlan mai suna Johanna ne ya fitar musu da waƙarsu ta farko a 1980, da faifansu na farko a 1981, wanda Monroe da McCoy suka tsara da kansu. Da suka koma Landan a 1982, ta ƙaramin tambarin Lick suke fitar da kayansu a Ingila.

A nan nake so masu cewa sai da caji su tsaya su yi lissafi. A farkon 1981 yaran nan sun yi rangadin Finlan na sama da kwana ɗari, gari bayan gari, cikin hunturu. Tsakanin 1981 da 1984 sun fitar da faifai biyar, ban da wanda aka naɗa kai tsaye a gidan rawa na Marquee da ke Landan a ƙarshen 1983. A farkon 1983 sun je Indiya sun yi wasa, a lokacin da ba kasafai masu irin wannan kiɗa ke taka can ba, suka wuce Japan inda matasa suka karɓe su hannu bibbiyu. Suna da manaja mai tsayawa kan aiki, Seppo Vesterinen. Suna da McCoy, wanda ya rubuta mafi yawan waƙoƙin, kuma tun yana yaro yake riƙe da jita. Suna da Monroe, wanda bayan waƙa yake busa saksofon, yana hawa kan tulin lasifika yana dirowa dare bayan dare. Wanne daga cikin waɗannan kwalba ta yi? Kwalba ba ta koya wa yatsa inda zai danna a jikin tsirkiya. Ba ta loda kayan kiɗa a mota da asuba. Turanci ma ba harshensu ba ne, da shi suka yi waƙa har 'yan Landan suka saurara, alhali a zamanin babu wanda ke tsammanin wani abin kirki a wannan fage daga Finlan.

Ba na cewa waliyyai ne. Sun sha, wasunsu sun sha ƙwarai, McCoy kansa bai taɓa ɓoye shekarun da ya yi yana fama da miyagun ƙwayoyi ba. Abin da nake cewa shi ne aiki ya kai su inda suka kai, shaye-shayen kuwa kaya ne da suke ja a baya. Mai kallo daga nesa yakan ga biyun tare, sai ya ɗauka ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kuma ana mantawa da dubban samarin da suka sha daidai abin da waɗannan suka sha, ba su bar ko baiti guda ba; su ba a yi musu fim.

A 1982 aka sauya makaɗin ganga. Nicholas Dingley, wanda ake kira Razzle, ya ga wasansu a Landan, ya nace sai ya shiga, ya kuma shiga. Shi ne mai barkwancin da ke sasanta su in rai ya ɓaci. Da shi suka yi Back to Mystery City a 1983, daga nan babban kamfanin CBS ya ɗauke su, Bob Ezrin, wanda ya yi aiki da Pink Floyd da Alice Cooper, ya tsara musu Two Steps from the Move a 1984. Wahalar shekara biyar ta fara biya. A watan Nuwamba suka shiga rangadinsu na farko a faɗin Amurka. A garin Syracuse na jihar Niyok, Monroe ya ji rauni a idon sawu a kan dandali, daga baya aka gano karaya ce, aka soke wasu wasannin, suka wuce Los Anjelis su jira.

Ranar 8 ga Disamba, 1984, ana shagali a gidan Vince Neil, mawaƙin Mötley Crüe, a Redondo Beach ta jihar Kalifoniya. An daɗe ana sha, giya ta ƙare. Neil ya ɗauki makullin motarsa ta tsere, De Tomaso Pantera, zai je kanti ya ƙaro, Razzle ya bi shi. A hanyar dawowa yana sheƙa gudu motar ta ƙwace masa, ta tsallaka hannun masu tahowa, ta yi karo da wata Volkswagen. Razzle ya mutu a daren, kwana shida bayan ya cika shekara 24. Mutum biyu da ke cikin ɗayar motar, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, sun samu munanan raunuka har da na ƙwaƙwalwa. Da aka auna jinin Neil, giyar da ke ciki ta kai 0.17, alhali iyakar doka a jihar a lokacin 0.10 ce. Shi kuwa ya fita da ƙananan raunuka.

Yanzu ku ji yadda ake ba da labarin: wai tsautsayi ne ya faɗa wa ƙungiyar tana dab da cin kasuwar duniya, wai rashin sa'a. Mu ma nan da mun ji irin wannan sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha mu tashi. Babu mai jayayya da cewa kowane rai da wa'adinsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai ganganci alhakinsa ba, shi ya sa ma ake biyan diyya. Tayar da ta fashe ba zato, wannan tsautsayi ne. Mutumin da ya wuni yana sha, ya ɗauki makulli a gaban cikakken ɗaki, babu wanda ya riƙe hannunsa, abokinsa ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da shi, wannan jerin shawarwari ne da mutane suka yanke ɗaya bayan ɗaya, kowacce ana iya fasa ta. Kiran sa tsautsayi wanke mai laifi ne, kuma share hanya ne ga na gaba.

Kotu ta yanke wa Neil ɗaurin kwana 30, wanda bai ma cika ba, da shekara biyar ta sa ido, da awa 200 na aikin al'umma, da diyyar dala miliyan 2.6. Ƙungiyarsa ta sadaukar da faifanta na 1985 ga mamacin, ta ci gaba da cika filayen wasa. A 2010 aka sake kama Neil a Las Vegas yana tuƙi a buge, bai daddara ba. Hanoi Rocks kuwa ta yi wasa biyu a Helsinki a Janairun 1985 da Terry Chimes, tsohon makaɗin The Clash, Sam Yaffa ya fice, aka lallaɓa zuwa rangadin Polan, kafin tsakiyar shekarar ta watse. Akwai saɓanin cikin gida da gajiya a ciki, amma mutuwar ce ta karya su. Kasuwar da suka share, wasu suka ci: Guns N' Roses ba su ɓoye cewa sun koya daga gare su ba, har suka sake fitar da tsofaffin faifansu a Amurka a 1989. Monroe da McCoy sun farfaɗo da sunan a farkon shekarun 2000, suka yi faifai uku, suka yi bankwana a gidan rawa na Tavastia a 2009. Jan Stenfors, mai laƙabin nan mai ban tsoro, ya bar harkar ya koma makaranta ya zama masanin haɗa magunguna.

To, mu dawo kan abin da ya shafe mu, don ba sai ana sayar da giya a unguwa ake samun direba a buge ba. Tiramol, kodin, wiwi, sholisho da ƙwayoyin barci duk suna taɓa abin da tuƙi ke buƙata: saurin ganin abu da saurin taka birki. Mugun abin shi ne suna rage iyawa suna ƙara yarda da kai, shi ya sa wanda ya fi kowa buguwa shi ya fi kowa rantsuwa cewa garau yake. Kada ka tambaye shi ko zai iya, amsarsa ba ta da amfani. Dubi idonsa, saurari harshensa, ka ga yadda yake neman ramin makulli.

In ka ga alama, kada ka shiga. Ko abokinka ne, ko yayanka ne, ko shi ya kawo ka wurin bikin, ko dare ya yi. Kunyar minti biyu ce. In a tasha ne ka ga direba ya kora wani abu da shayi yana cewa na ƙarfin jiki ne, sauka ka nemi shugabannin tasha ka faɗa musu, kuɗin motar da za ka yi asara bai kai kuɗin ɗori ba. Haka ɗan acaɓa, haka mai a-daidaita-sahu. Ƙin shiga kaɗai ma bai wadatar ba, domin mutum biyun da ke cikin Volkswagen ɗin nan ba su shiga motar mai maye ba. Karɓe makullin. Kada ka yi shi cikin jama'a da tsawa, mai maye in ya ji an ci masa fuska sai ya ƙara taurin kai. Ja shi gefe, ka ce, abokina, ba ni in kai ka, ko ka ce mota ta tare shi, ko ka sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana. In ya yi fushi, ya yi, gobe zai huce. Masu zuwa biki ko wasa rukuni guda, tun kafin a fita a san wanda zai tuƙo a dawo, kuma a tabbata ba ya taɓa komai. Masu gidan da ake taron, ku ma da haƙƙi a wuyanku.

Sannan a daina yaudarar kai da dabarun wartsakewa. Goro, kofi mai kauri, wanka da ruwan sanyi, tsami, babu wanda ke fitar da giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, kuma a hankali take yi, awa bayan awa. Abin da kofi zai yi shi ne ya ba ka bugagge mai buɗaɗɗen ido. Wannan jahilci ya taɓa cin rai a cikin dangin wannan kiɗa. A 1972, Billy Murcia, makaɗin gangar New York Dolls, ya suma a wani shagali a Landan bayan ya sha ƙwayoyi. Maimakon a kira motar asibiti, sai aka saka shi a bahon wanka ana ɗura masa kofi don ya farfaɗo, ya shaƙe ya mutu yana da shekara 21.

Saboda haka wanda maye ya kayar har ba ya amsa kira, kada a ɗura masa komai, ko ruwa, ko madara, ko manja. Kada a kulle shi a ɗaki a ce barci zai warware, don tsoron kada iyaye su ji ko 'yan sanda su shigo. A kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa yadda in ya yi amai ba zai koma masa huhu ba, a sassauta masa wuyan riga, wani ya zauna yana lura da numfashinsa. In numfashin ya yi ƙasa, ko ya koma minshari mai yankewa, ko leɓɓansa sun sauya launi, asibiti kai tsaye, kuma a tafi da kwalbar ko fakitin abin da ya sha a nuna wa likita. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuwa 122.