Lafiya uwar jiki: aiki biyu na ƙwayar maganin ciwo

 Darasinmu na yau ya shafi ƙwayoyin magani da kowa ya sani: asfirin, ibufurofen, dikulofenak da indometasin. Manomi yana shan su in baya ya riƙe, tsoho yana sha don ciwon gwiwa, mace tana sha don ciwon mara. Mutane da yawa suna zaton ƙwaya tana tafiya kai tsaye wurin da ke ciwo, ta yi aikinta, ta tsaya nan. Ba haka ba ne. In ta narke, jini yana ɗaukar ta ya kai ta ko'ina, har hanta da ƙoda da kitse. Ku kasa kunne mu bi ta, mu ga aiki biyu da take yi.

Aiki na farko: tare ciwo

In mutum ya ji rauni, ko haƙori ya ruɓe, jiki yana haɗa wani sinadari mai suna furostagilandin. Shi ne ke sa wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya riƙa zogi. Akwai wani ma'aikaci cikin jiki, masana suna kiran shi COX, wanda ke haɗa wanga sinadari daga wani irin mai. Waɗannan ƙwayoyi suna riƙe hannun COX. In aikinsa ya ragu, kumburi ya saɓe, zogi ya lafa.

An fara sayar da asfirin a Jamus tun 1899, amma sai 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano yadda take aiki. An ba shi kyautar Nobel a 1982.

Sai dai furostagilandin yana da amfani wasu wurare. Yana kare tumbi daga tsamin da ke narka abinci, yana kuma taimakon jini ya ratsa ƙoda. Shi ya sa mai yawan shan waɗannan ƙwayoyi yake iya samun gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Littafin da ke cikin jiki

Kafin mu gane aiki na biyu, sai mu san yadda aka gina jiki. Kamar yadda gari yake da ɗakuna, haka jiki yake da ƴan ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunan ɗaya selil. Kusan kowane irin selil yana da ƙurya a tsakiyarsa, cikin ƙuryar kuwa akwai littafi da muka gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Littafin yana da babi wajen 20,000. Kowane babi umurni ne na yadda za a haɗa wani abu da jiki ke bukata. Masana suna kiran babin nan jen.

Ku da kuke koyon karatu kun san samun littafi daban, karanta shi daban. Selil na hanta da selil na kitse littafinsu ɗaya ne, amma kowane yana buɗa nasa babi, ya bar sauran a rufe. To, wa ke buɗawa?

Masu karɓar saƙo

Cikin masu buɗawa akwai wata ƙungiya ta masu karɓar saƙo. Ɗan Adam yana da iri 48 nasu. Kowane kamar magatakarda ne mai aljihu guda. In saƙon da ya dace da aljihun ya shiga, sai ya sa a karanta wani babi, ko ya sa a rufe wani. Wanga aiki ba ya sauri kamar riƙe hannun COX. Yakan ɗauki awoyi ko kwanaki, don sai an karanta umurni sannan a haɗa abin da ya ce.

A 1990 masana biyu a Ingila, Issemann da Green, suka gano wani mai karɓar saƙo da aka sa wa suna PPAR. Daga baya aka ga iri uku ne. PPAR alfa yana da yawa cikin hanta, yana ba da umurnin ƙona mai. PPAR gama yana da yawa cikin kitse, shi ke sa selil ya zama ma'ajin kitse, yana kuma da hannu wajen daidaita sukarin jini da rage kumburi. Na ukun, PPAR delta, yana wurare da dama har da tsoka. Saƙon da suka saba karɓa shi ne mai, na abinci da wanda jiki ke haɗawa.

Ga inda labarin ya haɗu da ƙwayarmu. Sinadarin ibufurofen da na ƴan'uwansa ya yi kama da mai a siffa: gefe ɗaya tsami, gefe ɗaya maiƙo. Kamar nan ce ta sa yake shiga wurin COX ya tare shi. Ita ce kuma ta sa yake iya shiga aljihun PPAR. A 1997 wani masani mai suna Lehmann da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa indometasin da ibufurofen da fenofurofen suna motsa PPAR alfa da PPAR gama. A ɗakin gwaji sun zuba indometasin kan wasu selil na ɓera, sai selil ɗin suka koma masu ajiye kitse. Binciken da ya biyo baya ya nuna dikulofenak ma yana shiga aljihun PPAR gama, amma ba ya motsa shi sosai, har yana iya tare wa wani saƙo wuri.

Abin da ya kamata mu fahimta

Na ɗaya, maganar yawa ce. Kaɗan daga maganin ya isa riƙe hannun COX, amma ana bukatar mai yawa ƙwarai kafin ya motsa PPAR. Saboda haka sauƙin da kake ji bayan ƙwaya guda daga aikin farko ya fito.

Na biyu, maganin ba ya sake rubutun littafin. Buɗa babi da rufe shi kawai ake yi. Abin da za ka gadar wa ƴaƴanka yana nan yadda yake.

Na uku, kada wani ya ji wanga darasi ya ce ibufurofen maganin ciwon sukari ne ko na ƙiba. Akwai maganin sukari mai suna fiyogilitazon da ke aiki ta hanyar PPAR gama, kuma lokotoro kaɗai ke rubuta shi.

Na huɗu, akwai wasu magungunan kumburi da hanyar masu karɓar saƙo ita ce babbar hanyarsu, kamar desametazon da firedinizolon. Su nasu mai karɓar saƙo daban ne, kuma kaɗan ya isa motsa shi. Su ne wasu mata ke saye don su yi ƙiba. Fuska takan cika, amma sukari da hawan jini suna tashi, ƙashi yana rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari rana ɗaya, ta tafi likita a rage mata sannu sannu.

Dokokin shan ƙwaya

Tunda ƙwaya tana kaiwa har ƙuryar selil, ba abin wasa ba ce. Ga abin da za ku kiyaye:

1. Babba kada ya wuce miligiram 1,200 na ibufurofen a yini in ba lokotoro ya ce ba, wato ƙwaya uku masu lamba 400. Ku karanta lambar da ke jikin kwali. Ga amfanin karatu nan.
2. Kada a haɗa iri biyu, kamar ibufurofen da dikulofenak. Aikinsu ɗaya ne, ɓarnar ce ke ninkuwa.
3. A sha bayan an ci abinci, da ruwa isasshe. Lokacin bazara, ko ana zawo da amai, jiki ya bushe, ƙoda tana cikin haɗari.
4. Mace mai ciki kada ta sha sai da izinin likita, balle daga wata na biyar.
5. Kada a ba yaro mai zazzaɓi asfirin.
6. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai hawan jini, su tambayi likita tukuna.
7. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya daina sha, ya tafi likita ran nan.
8. Ku sayi magani a farmasi. Na tire da ke yini cikin rana ba ku san abin da ke ciki ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

Mine ne aikin COX? Don mi yawan shan ƙwaya ke ɓata tumbi? Wa ke buɗa babi cikin littafin selil? Ku kawo kwalin magani ɗaya daga gida, ku karanta sunansa da lambarsa tare da malaminku.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.