Zirin Fitilar LED a Mota: Kwamfutarta Tana Lissafin Wutar da Aka Ja

A 2004 ne kamfanin Audi ya fito da motar A8 mai fitilun LED da ke ci da rana tsaka, kuma bayan 'yan shekaru farin zirin nan da ke zagaye idon mota ya zama tambarin motocinsa. A ƙasashen da rana ke ƙaranci abin ba kwalliya ba ne. Suwidin ta wajabta tuƙi da fitila da rana tun 1977, Kanada ta sa wa sababbin motoci wannan doka daga samfurin 1990, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a Fabrairun 2011, duk domin a hango mota tun daga nesa. Da yayin ya iso nan sai ya koma ado. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ga shi nan naɗi-naɗi: fari, shuɗi, har da mai gudu idan an sa sigina.

Yadda aka saba haɗa shi kowa ya gani. Mai wayarin zai ɗaga bonet, ya riƙa soka testa a wayoyin bayan fitilar gaba har ya dace da mai wuta, ya fere ta da reza, ya murɗa wayar zirin a kai, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce, "Alhaji, kunna mu gani." A Peugeot 504 ko Golf 3 wannan yana tafiya, domin wuta daga makunni take zuwa ƙwan fitila, fiyus na tsaye a tsakani. A Golf 5, Passat B6, BMW E90 da ire-irensu na bayan nan, lissafin ya sauya.

Mutane da yawa sun ɗauka birenbos guda ɗaya ne a mota, na inji. Alhali motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama, kuma ɗaya daga cikinsu ce ke riƙe da fitilu, waifa da makullan ƙofa, a wasu motocin har da tantance makullin tayar da mota. Suna zance da juna ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, wanda Mercedes ta sa a babbar motarta a 1991. Idan direba ya murɗa makunnin fitila, saƙo kawai ya aika. Akwatin kwamfutar da ke riƙe da fitilun ne zai saki wutar, yana kuma auna yawan wadda ake ja. Ya san ƙwan sigina mai wat 21 yana shan kusan amfiya 1.75. Idan ya ga abin da ake ja ya gaza haka, kamar yadda LED ke yi, sai ya ɗauka ƙwai ya mutu: alamar gargaɗi ta fito a dasbod, sigina ta kama ƙiftawa da sauri. Idan kuma an ɗora wa layin kayan da suka fi ƙarfinsa, sai ya datse shi gaba ɗaya. Har ƙyaftun nan da zirin ke yi lokacin da aka buɗe makulli yana da dalili: akwatin yana aika 'yar gajeriyar wuta don ya gwada lafiyar ƙwai. Tsohon ƙwai bai isa ya yi haske da ita ba, LED kuwa nan take yake amsawa.

Maganin kasuwa shi ne rizista, ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ake maƙalawa don a yaudari akwatin. Yana kashe gargaɗin, amma ta hanyar ƙone wuta a banza. Mai om 6 yana fitar da zafin da ya haura wat 30 idan inji na aiki, wanda ya isa ya narkar da roba ko rigar waya idan aka bar shi yana reto a bayan bamba.

Kodin shi ne a gaya wa akwatin gaskiya maimakon a yaudare shi. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, Turai kuma a 2001 ga motocin fetur. Ta nan ake shiga da laftof ko waya: VCDS na kamfanin Ross-Tech ko OBDeleven ga Volkswagen, Audi da Skoda, BimmerCode ga BMW, FORScan ga Ford. A dangin Volkswagen akwatin fitilu shi ne mai lamba 09. A Golf 7 kusan kowace mafitar wuta tana da nata saitin: wane irin ƙwai ne a kanta, yaushe za ta kama, kashi nawa cikin ɗari na haske za ta bayar, ta rage ko ta mutu idan an sa sigina. Wanda ya ƙware zai iya ba wa wata mafita da ke zaune ba aiki aikin kunna zirin, ya kama da tashin mota, ya dushe idan an kunna fitilar dare, dasbod kuma shiru.

Sai dai kodin ba ya ƙara wa mafita ƙarfi. Zirin da aka fi sayarwa, mai ƙwayoyi 60 a kowace mita na nau'in 5050, yana shan kimanin wat 14 a mita, wato amfiya 1.2. Mita biyar ta kai amfiya 6, ta wuce abin da ƙwan fitilar gaba mai wat 55 ke ja. Ga shi an ƙera shi ne don bolt 12, altaneto kuwa yana ba da kusan 14, shi ya sa mai arha ke yin zafi ya fara mutuwa gaɓa-gaɓa. Sannan motoci biyu masu suna ɗaya na iya ɗaukar akwati daban-daban, wani ma ba shi da mafitar da ake nema. A yawancin Corolla da Camry da ke kan titunanmu, abin da za a iya sauyawa ta kwamfuta kaɗan ne, don haka mai cewa zai yi musu irin na Golf 7 a tambaye shi da kyau.

Ɓarnar da ta fi tsada tana faruwa ne a lokacin rubuta saitin. Wani zai kwafo lambobin wata mota daga intanet ya zuba, bai ajiye na asali ba, a wayi gari waifa ko lok ɗin ƙofa sun daina amsawa, babu kuma inda za a koma. Wani zai yi aikin da batir mai rauni. Akwatin FRM na BMW ya yi ƙaurin suna a nan: wuta na yin ƙasa yana iya rikicewa, gilasai su ƙi motsi, sigina ta ɗauke. A motocin Ford da dama akwatin yana ƙirga sau nawa wayoyin wani layi suka haɗu suka yi shot, idan abin ya yi yawa ya rufe layin har sai an sauya akwatin. Na Beljiyam da za a sayo kuma ba a ɗaura shi a tafi, sau da yawa sai an daidaita shi da motar da makullinta. Volkswagen ma tun daga Golf 8 ta sa wa irin waɗannan saituna kariyar SFD, sai da izini ta intanet ake buɗe su.

Ga mafi yawan masu mota, hanyar da ta fi kwanciyar hankali tsohuwa ce: rile da fiyus. A ɗauko wutar zirin daga batir, a sa fiyus daf da kan batirin, a bar rile ya riƙa buɗewa da wayar da ke samun wuta sai an buɗe makulli. Rile ɗan abu kaɗan yake sha. Wanda ya haɗa zirin da wayar da ba ta mutuwa kuwa, mita ɗaya tal za ta shanye masa amfiya-awa 12 cikin awa goma, kashi ɗaya cikin biyar na batir mai 60. Kuma duk gwanintar mai wayarin, kada a bari testa ko reza su kusanci wayoyi masu rawayan soket, na jakar iska ne. Haka murɗaɗɗun nan biyu, haka masu ruwan lemo a mota mai haɗin fetur da lantarki, waɗanda wutarsu ke iya kisa.

Saura launi da ƙarfin haske. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa fitilar rana ta zama fara, tsakanin kandela 400 zuwa 1,200, kuma da an kunna fitilar dare sai ta mutu ko ta ragu sosai. Zirin da aka bari da cikakken ƙarfinsa da daddare a hanyar Kano zuwa Zariya kashe idon mai tahowa yake yi, musamman ɗan acaɓa da mai keke. Ja a gaban mota yana sa a zaci bayanta ake gani, shuɗi mai walƙiya kuma na motocin jami'an tsaro da na agaji ne, kuma karya dokar fitila na cikin laifukan da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke tsayar da mota a kansu.

Kafin a biya kuɗin aiki, mai mota ya sa a tura masa kwafin saitin asali a wayarsa, a nuna masa inda fiyus ɗin zirin yake, a gwada sigina da ful da dim yana kallon dasbod, sannan a kashe motar a kulle, a jira minti kaɗan a ga ko akwai abin da ya rage yana ci.