Tsadar Man Fetur: Daga Fadama Zuwa Tukunya

Masana ilimin halittu sun nuna cewa idan ciyawa ta yi ƙaranci, ba barewa kaɗai ke jin jiki ba, har da zakin da ke farautarta. Irin wannan matsayi na ciyawa shi man fetur yake da shi a tattalin arzikin ƙasa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000.

Albasar Aliero ta isa misali. Saiwoyin albasa gajeru ne, saboda haka ba ta jure ƙishi. Manomin rani kuwa da fetur yake tayar da injin ban-ruwa. In ya rage shayarwa, kan albasar ya ƙanƙance. In ya ci gaba, kuɗin noma ya ƙaru. Direban da ke kai buhunan kasuwar Jega ya ƙara kuɗin mota, mai injin niƙa a Andarai ya ƙara ladan niƙa. Kowane ƙari a kan magidanci yake sauka, shi kuma ya rage nama da ƙwai, abincin da ke gina jikin yara.

Ƙarshen sarƙar a daji yake. Idan kananzir ya gagara, sai gidaje su koma ga itace da gawayi, a sare bishiyoyi, iska da ruwa su kwashe ƙasar noma. Shi ya sa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya cancanci kulawar manoma da hukuma.