Zaɓen Ƙaramar Hukuma: Asalinsa da Abin da Ya Rataya a Kansa a Kaduna ta Arewa



Abin da nake so mu duba yau shi ne zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, musamman a ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi. Zaɓe ne da masu ilmi suka fi rainawa, alhali kuwa shi ne ya fi kusa da ƙofar gidan kowa.

Bari mu fara da asali. A shekarar 1917 ne Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A zamanin nan mulkin ƙasa yana hannun En'e, watau sarki da majalisarsa, kuma Kaduna tana cikin ƙasar Zazzau. A 1956 aka keɓe garin ya zama yankin babban birnin Jihar Arewa, da hukumarsa dabam. Babban canji ya zo a 1976, lokacin mulkin Janar Obasanjo, sa'ad da aka yi wa ƙananan hukumomi gyara iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Aka mai da su mataki na uku na gwamnati, aka janye ikon zartarwa daga hannun sarakuna, aka miƙa shi ga majalisun da jama'a ke da hannu wajen zaɓensu. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan, na 1999 kuma ya maimaita shi a sashe na 7, inda ya wajabta cewa ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Kaduna tana da 23, masu mazaɓu 255. Kowace mazaɓa tana fitar da kansila ɗaya, shi kuwa shugaba, wanda aka fi kira ciyaman, dukan ƙaramar hukumar ce ke zaɓensa. Shugaba ke zartarwa. Kansiloli su ne majalisa: su amince da kasafin kuɗi, su yi ƙananan dokoki, su kuma bi diddigin yadda aka kashe dukiyar jama'a.

A nan akwai abin lura. Kogin Kaduna ba shi ne iyakar ƙananan hukumomin birnin ba. Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Unguwar Sarki, Unguwar Shanu da Hayin Banki suna cikin Kaduna ta Arewa, wadda sakatariyarta ke Magajin Gari. Amma Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko, ko da yake suna arewa da kogi, suna ƙarƙashin Kaduna ta Kudu ne, Rigasa kuma tana cikin Igabi. Saboda haka maƙwabta biyu za su iya shan ruwan famfo ɗaya, su ci kasuwa ɗaya, amma kowa da ciyaman ɗin da zai tuhuma. Wanda bai san mazaɓarsa ba, bai san inda zai kai kukansa ba.

To, mene ne aikin waɗanda ake zaɓa? Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa shi. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da kwashe shara, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Bugu da ƙari, ƙaramar hukuma tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Idan damina ta sauka kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakunan mutane, ba Abuja za a nufa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dalilin kafa wannan mataki na mulki ke nan.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne tushen yawancin gardama. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekaru da yawa kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, kuma gwamnoni da dama sun riƙa rushe zaɓaɓɓun majalisu suna naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓe ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci dabam, aiwatar da shi dabam, amma ya ƙara wa kujerar ciyaman da ta kansila nauyi.

Wa ke gudanar da zaɓen? Ba hukumar zaɓe ta ƙasa ba ce, hukumar zaɓe ta jiha ce, sai dai tana amfani da rajistar masu zaɓe ta ƙasa. Gwamna ne ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar dokokin jiha, kuma nan ne raunin tsarin yake, domin a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna kan lashe kusan dukan kujeru. Kaduna ta gwada wata hanya. A watan Mayu na 2018 ta zama jiha ta farko da ta yi zaɓe da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta sake yi a Satumba na 2021, kuma a zaɓukan biyu jam'iyyar adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. A zaɓen Oktoba na 2024 an koma ga takardar ƙuri'a, aka bayyana cewa jam'iyyar APC ta ci shugabanni 23 da kansiloli 255 baki ɗaya, 'yan adawa kuma suka ƙi yarda da sakamakon.

Daga nan ne nauyin da ke kanmu ya fito. Ɗalibi wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista, ya san mazaɓarsa, ya tambayi ɗan takara abin da zai yi da kasuwa da kwata da makaranta, domin waɗannan ne ke cikin ikonsa. Ma'aikacin gwamnati kuwa, sau da yawa shi ake ɗora wa aikin rumfar zaɓe da tattara sakamako. Lambar da ya rubuta a takarda amana ce, kuma shi da 'ya'yansa za su zauna ƙarƙashin wanda lambar ta ba kujera har wa'adinsa ya cika.