Histamin da Kumburin Hanji: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin masu fama da ciwon ciki mai daɗewa: wai histamin, sinadarin nan da ke tayar da borin jini da atishawa, shi ne tushen kumburin hanji. Saboda haka, in ji masu faɗa, mai gudawa da jini ya nemi Piriton, maganin borin jini, a kemis, ya daina cin kifi da nono, shi ke nan ya rabu da ciwon. Maganar tana da wuyar kashewa ne saboda akwai gaskiya a bakinta. Ƙarshenta ne ke kai mutum ga halaka.

Kumburin hanjin da likitoci ke nufi a nan iri biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a birnin New York a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, kuma tana cin bangon hanji har cikinsa. Akwai kuma gyambon babban hanji, wanda yake tsayawa a fatar cikin babban hanji kaɗai, yana farawa daga kusa da dubura ya hau sama. A dukkansu garkuwar jikin mutum ce take faɗa da hanjinsa ba ta tsagaitawa: gudawa ta makonni, jini da majina a bayan gida, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini.

To, da gaske ne histamin yana da hannu a ciki? Da gaske ne. A bangon hanji akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a 1878. Cikinsu cike yake da ƙananan ƙunsoshi, kuma a 1953 masana biyu, Riley da West, suka nuna cewa a nan ne jiki ke adana yawancin histamin ɗinsa. Idan aka tsokane su sai su zazzage. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, bangon hanji ya fitar da gishiri da ruwa zuwa cikin hanji, tsokarsa ta murɗa, jijiyoyin jin zafi su farka. Wannan shi ne gudawa da murɗar ciki. An auna, an ga cewa a naman hanjin masu waɗannan cututtuka ƙwayoyin mast sukan ƙaru, kuma idan ciwon ya tashi, ragowar histamin da ke fita a fitsari takan hau. Zuwa nan masu jita-jita ba su yi ƙarya ba.

Inda suka kauce shi ne ɗaukar histamin a matsayin mai aiki ɗaya. Histamin manzo ne, kuma ƙofofi huɗu yake ƙwanƙwasawa a jikin ƙwayoyin halitta. Abin da zai faru ya dogara da ƙofar da aka buɗe masa. Masana sun sa musu suna H1, H2, H3 da H4. Ta ɗaya ita ce ta ƙaiƙayi da kumburi da murɗar tsoka, ita Piriton da loratadin da setirizin suke toshewa. Ta biyu ita ce ke sa tumbi ya fitar da ruwan tsami. James Black ya tabbatar da ita a 1972, aikin da ya haifi maganin gyambon ciki simetidin, ya kuma kasance cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Ta uku ta fi yawa a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta huɗu sai a 2000 aka gano ta, kuma ita ce ta fi zama a jikin ƙwayoyin garkuwa.

A nan ne maganar take da daɗin bi, domin ƙofa ta biyu da ta huɗu kusan kishiyoyi ne. Idan histamin ya shiga ta huɗu, kira yake yi: ƙwayoyin mast da iyosinofil da wasu fararen ƙwayoyin jini su taso su taru a wurin, kumburi ya ƙaru. Idan kuwa ta biyu ya shiga a jikin ƙwayoyin da ke tsaron bangon hanji, lallashi yake yi: su rage fitar da TNF, babban sinadarin da ke rura kumburi, su ƙara fitar da IL-10, mai kwantar da shi. Masu bincike a Houston ta Amurka sun nuna a 2012 cewa wani nau'in bakteriya mai amfani da ke zama a hanjin mutum, Lactobacillus reuteri, yana sarrafa histamin da kansa, kuma wannan histamin ɗin yana rage TNF ta ƙofa ta biyu. Bayan 'yan shekaru suka ba ɓeraye masu kumburin hanji wannan bakteriya, kumburin ya ragu. Ke nan ga histamin yana aikin magani a wurin da ake zarginsa da ɓarna. Mai cewa a kawar da histamin gaba ɗaya daga hanji bai san da wannan rabin labarin ba.

Ƙofa ta huɗu ma ba a gama da ita ba. A wasu gwaje-gwajen dabbobi, toshe ta ya rage kumburin hanji. A wani kuwa, ɓerayen da aka cire musu ita ciwonsu tsananta ya yi. Kuma ɓera ba mutum ba ne. Har yau babu maganin toshe wannan ƙofa da aka amince a ba mai cutar Crohn ko gyambon babban hanji.

Daga nan amsar batun Piriton a fili take: ba ya warkar da kumburin hanji. Ƙofa ɗaya yake toshewa cikin huɗu, alhali wutar da ke ci a bangon hanji ƙwayoyin garkuwa irin su ƙwayoyin T da makrofaj da nutrofil ne suke hura ta, da sinadarai irin su TNF. Shi ya sa magungunan da suka tabbata suke nufar can: mesalazin da salfasalazin, firednisolon na ɗan lokaci idan ciwon ya tashi, azatayofirin, da allurai irin su infliksimab da aka amince da shi don cutar Crohn a 1998, wanda TNF ɗin yake kamawa kai tsaye. Piriton barci zai sa mutum, jinin kuma yana zuba.

Ina ganin asalin ruɗanin daga wata cuta dabam ya fito, wadda ake taƙaita sunanta da IBS. Ita ciwon ciki ce da kumburin iska da sauyin bayan gida, amma idan aka leƙa hanjin ba a ganin gyambo, ba ta kuma zubar da jini. A ita kam akwai sakamako mai ƙarfafa gwiwa: wani gwaji a Leuven ta Beljiyam a 2016 ya nuna cewa ebastin, mai toshe ƙofa ta ɗaya, ya sauƙaƙa wa wasu marasa lafiya, kuma a 2022 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka danganta ciwon wasu masu IBS da bakteriyar Klebsiella aerogenes mai yawan sarrafa histamin. A Turanci sunayen cututtukan biyu suna kama, sai aka ɗauki labarin wannan aka jingina wa waccan.

Batun abinci kuwa, gaskiyarsa ita ce wannan. Kifi irin su titus da tuna, idan aka bar su cikin zafi, misali aka ɗauke wuta firiza ta narke, bakteriya suna mayar da wani sinadarin namansu ya zama histamin mai yawa. Dafuwa ba ta lalata shi, suya ma haka. Wanda ya ci, cikin 'yan mintuna fuskarsa za ta ɗau zafi, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa, gudawa ta biyo. Wannan guba ce ta yini ɗaya, kuma a ita maganin borin jini yana aiki sosai. Haka kuma fatar ƙaramin hanji tana da wani sinadari, DAO, mai narkar da histamin ɗin abinci, kuma hanjin da ya ji rauni yakan yi ƙarancinsa, don haka wasu marasa lafiya sukan ji abinci mai tsami ko daɗaɗɗen kifi ya dame su. Amma babu hujjar cewa irin wannan abinci ne yake haddasa cutar, ko cewa barinsa yana warkar da gyambon. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mutumin da ya riga ya rame, jininsa ya yi ƙasa, a ce masa ya bar kifi da nono da wake. Da me zai gina jikinsa?

A ƙasarmu akwai wani abin da ya fi wannan duka gaggawa. Yawancin gudawa mai jini a nan atini ne, na amiba ko na bakteriya, kuma tibin hanji yana kama da cutar Crohn har likitoci ƙwararru sai sun yi gwaji suke bambancewa. Wanda ya yanke wa kansa hukuncin cewa kumburin hanji gare shi, ya je kemis ya haɗa Piriton da deksametason ko firednisolon, idan amiba ce ke cinsa, maganin zai danne garkuwarsa har hanjin ya huje. Diklofenak da ibufurofen da ake sha don murɗar cikin su ma suna iya tayar da kumburin hanjin.

Duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko gudawa ta wuce mako biyu, ko yana ramewa ba dalili, kada ya tsaya ana ce masa basir ne ko histamin ne. Ya je asibiti a gwada bayan gidansa da jininsa, idan likita ya ce a leƙa hanjin da na'ura, ya yarda a leƙa.